Yadda za ki ƙosar da samari da 'yan matan dangi ranar taron Sallah

Shekara 11 ke nan tukunyar Babbar Sallah ta gidan Hajiyarmu tana hannuna. Ni ce babbar 'ya mace, kuma tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Hajiya ludayin ya dawo wurina. Duk shekara a nan cikin birnin Kano muke haɗuwa, ƙannena da matansu da 'ya'yansu, wasu daga Kaduna, wasu daga Abuja, ɗaya daga Maraɗi.

Wata shekara, daren Sallah wajen ƙarfe 11, na shiga kicin ɗauko ashana, sai na tarar da ɗan ƙanena tsugune gaban tukunyar dafa-duka, yana kankarar ƙanzo da cokali a cikin duhu. Shekarunsa 15 a lokacin. Yana ganina ya miƙe zumbur ya ce, "Gwaggo, ruwa na zo sha." Yaron nan da rana da bakina na tambaye shi ko ya ƙoshi, ya ce, "Alhamdu lillahi, Gwaggo, na ƙoshi." Tun saukowa daga idi kuwa bai zauna ba: shi ne riƙe rago, shi ne taya fiɗa, shi ne babbakar kai da ƙafa, shi ne aiken ƙanƙara har sau uku. Na kunna wuta na dafa masa taliya da manja da yaji, ya ci yana sunkuyar da kai. Har yau idan na tuna yadda ya miƙe kamar wanda aka kama da sata, a gidan kakarsa, ranar Sallah, raina yana sosuwa.

Daga wannan daren na sauya yadda nake tsara girkin taro. Abin da na koya ne zan shimfiɗa miki a nan, 'yar'uwa, ko Sallah ce a gabanki, ko suna, ko biki, ko dogon hutun da 'yan makarantar kwana ke cika gida.

Kafin mu shiga kicin, ki yarda da abu ɗaya: yunwar yaro mai tasowa gaskiya ce. A shekarar da girma ya fi kama shi, yaro namiji yakan ƙara tsawon da ya kusa santimita 10, shi ya sa wandon Sallar bara yake ɗangale masa bana. Ƙashi da tsoka da jinin da ke cike wannan tsawo daga kwano suke fitowa. A ƙiyasin hukumomin lafiya na Amurka, saurayi mai kazar-kazar ɗan shekara 14 zuwa 18 yana buƙatar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 2,800 zuwa 3,200 a rana, alhali mahaifinsa ɗan shekara 45 da ke wuni a zaune kusan 2,200 sun ishe shi. Budurwa mai zirga-zirga tana kai wa 2,400, fiye da uwarta. Mu kuma a al'ada babban kwano na maigida ne, yara a haɗa su a faranti ɗaya. Wanda jikinsa ya fi buƙata shi ke samun kaso mafi ƙanƙanta, ga kunya ta hana shi cewa a ƙara.

Fara da lissafi, tun saura mako biyu

Ki ɗauki takarda ki rubuta duk wanda zai zo, gida-gida. Kada ki tsaya a "mu talatin ne". Ki raba su huɗu: manya, ƙananan yara, samari, 'yan mata. Duk wanda ya kai shekara 12 ki fitar da shi daga sahun yara, ko da uwarsa har yanzu auta take ce masa.

Mudu da kwano sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka ni da gwangwanin madara nake awo. Ki auna sau ɗaya ki ga gwangwani nawa ke cika mudun gidanki, ki riƙe adadin. Ga yadda nake yi da ɗanyar shinkafa a ci ɗaya: babba gwangwani ɗaya, ƙaramin yaro rabi, budurwa ɗaya da rabi, saurayi biyu. Wannan har da ƙari a ciki.

A ce kuna da manya 10, yara 12, samari 5, 'yan mata 3. Manya gwangwani 10, yara 6, samari 10, 'yan mata kusan 5. Jimla 31. Ki duba da kyau: samarin nan biyar sun ci daidai da manya goma. Da kin yi lissafin kai-da-kai kin ɗauke su a matsayin yara, da nan giɓin zai fito.

Ba a gama ba. Saurayi ba ya yawon Sallah shi kaɗai. Zai shigo da abokinsa na makaranta, ko ɗan makwabta, ko ɗan ajinsu na Islamiyya, kuma ba za ki ce wa ɗan mutane ya jira a zaure ba. Ni kowane saurayi ina ƙara masa gwangwani ɗaya na aboki. Sannan almajirin gida da yarinyar da ke taya aiki: su ma masu tasowa ne, su suka fi kowa ɗawainiya, ki sa su a layin samari da 'yan mata tun a takarda. Da haka lissafinmu ya doshi gwangwani 40.

Da takardar a hannu sai ki kira iyayen yaran, ki tambayi abu biyu. Na ɗaya, akwai mai lalura? Mai sikila yana buƙatar ruwa a kusa da shi kullum, kuma kada a ɗora masa aiken rana. Mai gyambon ciki ba ya son yaji da jinkirin abinci. Akwai wanda gyaɗa ke tayar masa da ƙaiƙayi ko ta toshe masa numfashi, mu kuwa gyaɗa tana cikin kunu, tana cikin miyar taushe, tana cikin yajin ƙuli. Na biyu, me kowane gida zai kawo? Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kayan abinci suka yi tashin da kowa ya sani, ba abin kunya ba ne a yi karo-karo. Ki faɗa wa kowa abin da zai kawo da sunansa: wannan wake, wannan mai, wannan katan ɗin taliya. Idan kika ce "a kawo abin da ya sawwaƙa", lemon kwalba za ki tara.

Hatsi da wake a sayo su da wuri, mu daga Dawanau ake kawo mana. Kayan miya na 'Yankaba sai saura kwana biyu. Idan tumatir ya yi tsada, kauɗarsa da busasshen tattasai suna yin miya mai kyau in an jiƙa su an wanke yashin sosai kafin a kai markaɗe.

Abin da ke riƙe ciki

A nan mata da yawa ke yin asarar kuɗi da ƙarfi. Ana kwana ana naɗe samosa da soya cincin, samari su share tire guda cikin minti biyar, bayan awa ɗaya su dawo da yunwarsu. Kayan marmari suna da ranarsu, amma ba su ne ginshiƙi ba. Ginshiƙin shi ne abu mai nauyi, mai wake ko nama ko ƙwai a ciki, wanda ake iya yi da yawa a tukunya ɗaya.

A wurina babu kamar shinkafa da wake. Kashi biyu shinkafa, kashi ɗaya wake. Ki fara ɗora waken shi kaɗai har ya yi rabin nuna kafin ki zuba shinkafa, in ba haka ba shinkafar za ta caɓe waken yana da ƙarfi. Wake yana daɗewa a ciki, ga shi yana gina jiki, ga shi yana rage miki shinkafar da za ki auna. Ki soya man gyaɗa da albasa mai yawa, ki daka yaji mai daɗi, ki yanka latas ko kabeji da tumatir da kokwamba. Wata za ta ce garau-garau ranar Sallah ai raini ne. Ki ɗora masa soyayyen nama ko dafaffen ƙwai ki ajiye kusa da farantin soyayyar shinkafa, ki ga wanda samari za su fara gamawa da shi.

Tuwo shi ne na dare. Tuwon shinkafa ko na masara, malmala biyu manya ga kowane saurayi, ta uku tana jira a kula. Miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa da romon ƙashin rago da daddawa ta fi sauƙi ga taro, ba ta cin kayan miya, kuma washegari ga ɗumame. Miyar taushe ta fi armashi, sai dai tana da gyaɗa da kabewa, ba ta jure zafi.

Ɗanwake na la'asar ne ko na hantsin washegari. Garin wake da na rogo, kuka, ɗan ruwan kanwa, a kwaɓa da tauri daidai, a jefa a tafasasshen ruwa. Idan ya taso sama a ba shi 'yan mintuna ya nuna har ciki, a tsame. Jifan ne ke cin lokaci, amma hannu uku a bakin tukunya sun gama da shi nan da nan, yaran da kansu suna son wannan aikin.

Sai waina. Ina son waina, Sallah ba ta cika ba sai da ita, amma kada ki ce da ita za ki ƙosar da samari. Saurayi ɗaya zai ci takwas zuwa goma bai ji komai ba. Biyar da abokansu sun kusa cinye ɗari, mai suya kuma ta wuni a gaban tanda hayaƙi na cin idonta. Ki ba su uku-uku ko hurhuɗu don su ɗanɗana Sallah, ki cika cikin da tuwo ko alkubus. Idan da hali, ki ba da aikin wainar ga mai sana'ar a unguwa, ki kai mata shinkafa da mai tun jajibiri.

Yaji kuma a gefe. Ki yi miya da sauƙin attaruhu, mai so ya ƙara.

Tsarin wunin

Manya sau uku suke ci. Mai tasowa sau biyar yake nema, wani lokaci shida, kuma biyun da ake mantawa su ne na la'asar da na tsakar dare.

Ranar Babbar Sallah tana da nata sha'ani. Sunna ce a jinkirta ci har a sauko daga idi, da yawa kuma suna so su fara da naman layya. Yaran sun tafi masallaci ciki wayam, sun yi tafiya a ƙasa, suna dawowa ana kiran su riƙe rago. Naman kuwa, kin sani, kayan ciki ne kawai ke nuna a ranar, su ma sai bayan azahar. Sauran yana rataye sai gobe a soya. Idan kika bar su jiran hanta, za su yi aikin wuƙa da wuta hannu na rawa. Saboda haka kafin a tafi idi abincin saukowa ya zama a shirye cikin kula: tuwo da miya, ko waina da alkubus, da kunun gyaɗa a fulas. Suna shigowa, kafin su tuɓe kayan Sallah ma, ki zaunar da su. Minti 15 ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan kawunsu ya leƙo yana kiran a zo a kama rago, ki ce masa, "Malam, bari su sa wani abu a ciki tukuna." Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

Da an fasa ciki, ki karɓi hanta da ƙoda ki gasa ko ki soya da albasa, a zaga da ita wurin masu aikin. Yanka bibbiyu ne, amma yaron da ke ta fama da fata tun hantsi yana jin an san da shi.

Abincin rana ya sauka da azahar, kuma a nan ina da ƙa'idar da ba na sassautawa: farantin samari yana fita tare da na manya, ba bayansa ba. A gidaje da yawa sai an gama kai wa zaure da ɗakin Hajiya da na surukai, sannan a kankare abin da ya rage a ce "a kai wa yaran nan". Ki zuba nasu tun tukunya tana cike, ki rufe ki ajiye idan ba su kusa.

Da la'asar sakaliya za su dawo daga ƙwallo, ko daga gaishe-gaishe, ko daga kallon hawa a shekarun da ake yi. Ba sabon girki ake buƙata ba. Fura da nono mai kauri, ko ɗanwake, ko dafaffen dankalin Hausa da ƙuli, ko gurasa da aka yi bandashe da ita. Wannan ne ke hana su afka wa abincin dare kamar ba su ci komai ba tun safe, ya kuma hana su zagaya kaskon suya.

Bayan isha tuwo. Sai kuma na ƙarfe 11, wanda zan zo kansa.

Yadda ake zubawa

Ci tare a faranti ɗaya yana da albarka. Hadisi ya tabbata cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, na huɗu yana isar takwas. Amma albarkar tana tafiya da ladabin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Umar ɗan Abu Salama yana yaro, hannunsa na yawo a akushi: ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Aikinki shi ne ki tsara farantin yadda wannan ladabin zai yiwu.

Kada ki haɗa ɗan shekara 17 da ɗan shekara 9. Ko dai babban ya cinye, ko ya ji nauyi ya tsame hannu da yunwarsa. Sa'a da sa'a. Kada su wuce huɗu a faranti. Idan suka kai shida, tsere ake yi, mai sanyin hannu ya tashi a banza.

Nama kuma kada ki tara shi a tsakiya. Ki yanka shi daidai wa daida tun wajen suya, ki ƙirga, ki ajiye wa kowa nasa a gabansa, ko ki bi su da kwano ki miƙa hannu da hannu. Tsoka uku matsakaita ga kowa ta fi tuli guda da mai ƙarfi zai kwashe. Idan nama bai da yawa, dafaffen ƙwai ɗaya-ɗaya ko soyayyar awara suna cike gurbin, kuma daidaiton ya fi yawan muhimmanci a wurinsu. Yaro yana mance abin da ya ci, amma yana riƙe ranar da aka ba ɗan wani uku aka ba shi ɗaya.

Ki sa ido a kan wanda zai fara tsame hannu. Kusan kullum shi ne wanda ba ya jin gidan nasa ne: maraya, ɗan riƙo, agolan da ya biyo mahaifiyarsa, ɗan 'yar'uwar da ba ta da ƙarfi, baƙon da ya zo daga wani gari. Irin waɗannan ba a tambayar su "ka ƙoshi?", domin amsar ɗaya ce. Ki zuba a kwano daban ki kira shi da wani dalili: "Zo ka ɗanɗana mini miyar nan, gishiri ya ji?" Ko ki miƙa masa ki ce, "Ungo, taya ni da wannan kada ya lalace." Kin ba shi abinci, kin kuma bar masa mutuncinsa.

Ƙari ma haka. Maimakon tambaya, ki aika da shi. Minti goma da fita da faranti, ki tura kwano na biyu ba tare da kowa ya nema ba. Idan ya dawo da saura, kin san sun ƙoshi da gaske.

Sannan baki. "Acici." "Kai cikinka rumbu ne?" "Ci kamar gara." "Halan ba a ba ku abinci a gidanku?" Ana faɗa da wasa, a yi dariya, yaron ma ya yi yaƙe. Daga ranar ba zai ƙara neman ƙari a gidan ba, wataƙila baɗi ya ce shi ba zai zo ba. Ki hana kanki, ki kuma hana wasu a gaban tukunyarki. Idan wata ta fara, ina cewa, "Ƙyale mini ɗana, girma yake yi, don su aka dafa." Da wannan maganar take mutuwa.

'Yan mata

Yunwar samari a fili take, ta 'yan mata a ɓoye. Suna kicin tun asuba, wanke-wanke, yankan albasa, kai abinci ɗaki-ɗaki, raino. Kowa yana ɗauka wadda ke kusa da tukunya ta ci. Sau da yawa abin da ta ci bai wuce waina ɗaya a tsaye ba. Wata kuma tana gudun ɓata kwalliya, wata an taɓa ce mata ta yi ƙiba a gaban mutane, wata kunyar matan kawunnanta take ji.

Jikinsu kuwa yana da buƙata ta musamman. Saboda jinin al'ada, budurwa 'yar shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar sinadarin ayon, mai ƙara jini, miligiram 15 a rana, saurayi sa'anta 11. Hantar da ake kai wa zaure gaba ɗaya, su suka fi kowa buƙatarta. Ki ware musu kasonsu tun a kasko. Wake, zogale da nama duk suna taimakawa, lemon zaƙi bayan ci yana sa jiki ya ɗauki sinadarin sosai, shayi a kan abinci kuma yana rage shi.

Abin da nake yi: kafin a fara rabon abincin rana, sai na tsayar da aiki na ce, "Ku ajiye komai, ku zo ku zauna." A shimfiɗa musu tabarma a ɗaki, a ja labule, su ci a natse, mu manya mu riƙe kicin na minti 20. Babu abin da ke ƙonewa a minti 20. Kuma a raba aikin da adalci. Samari su ɗauki ɗibar ruwa, kai markaɗe, sayo ƙanƙara, ɗaukar manyan faranti da wanke manyan tukwane. Wanda ya ci gwangwani biyu zai iya sa hannu a soso.

Kusurwar da ba a neman izini

Wannan ita ce maganin abin da na gani a daren nan. Ki zaɓi wuri ɗaya da ba sai an ratsa ɗakin manya ba, baranda ko bakin kicin. Ki ajiye tebur ko tire babba: burodi, fulas ɗin ruwan zafi, ganyen shayi, sukari da madara, garin rogo, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, ayaba ko mangwaro idan lokacinsa ne, da kofuna da cokula. Da dare ki ƙara kula ɗaya ta abin da ya rage mai zafi. Ruwan sha ya kasance a wurin kullum.

Ajiyewa kaɗai ba ta isa ba, sai kin faɗa da baki a gaban kowa, tun ranar da suka sauka: "Duk abin da ke kan teburin nan naku ne, dare ko rana, ba sai kun tambayi kowa ba." Ki kuma nuna musu abin da ba nasu ba, kamar naman rabon makwabta da kwanon Hajiya. Yaran da aka ba nasu a fili ba sa taɓa na wani. Tun da na fara wannan, ƙirgen soyayyen namana bai ƙara raguwa da dare ba.

Abin sha, zoɓo da kunun zaƙi a manyan robobi sun fi katan-katan na lemon kwalba araha da amfani. Ki rage sukari. Lemukan nan na ƙara kuzari masu kafeyin kuwa ba na bari su shigo gidan. Yaro ya sha biyu da yamma, ya kwana ido biyu zuciya na bugawa.

Zafi da rashin wuta

Babbar Sallar 2025 ta faɗo ranar 6 ga Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kwana 10 ko 11. Wato shekarun da ke tafe cikin tsakiyar bazara za mu riƙa yin ta, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi. A irin zafinmu ma ya kamata a rage.

Shinkafa ta fi yaudara. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye sai ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ya kashe gubar. Don haka kada ki dafa gwangwani 40 da safe ki ce har dare. Ki raba girkin biyu, ko ki zuba a kula tun tana tururi a rufe, a buɗe lokacin ci kawai. Miya a tafasa ta sosai da dare, a sake tafasawa da asuba. Haɗin kabeji mai mayonis a yi shi dab da ci, abin da ya rage a zubar. Kunun aya ba ya wuni ba ƙanƙara. Samari ne ke cin ragowa, don haka su ne ke fara kwanciya idan abu ya lalace. Abin da ba za ki ba maigida ba, kada ki tura musu.

Idan tukunya ta ƙare ana tsaka da ci

Yana faruwa ko da lissafi, musamman idan mota guda ta sauka ba sanarwa. Kada ki bari a ji a bakinki cewa abinci ya ƙare, domin daga jin haka duk mai kunya zai ce ya ƙoshi. Ki tanadi abin gaggawa tun farko ki ɓoye shi: taliya leda biyar, manja, yaji, albasa, ƙwai kiret ɗaya. Tukunyar ruwan zafi ta zauna a kan gawayi duk wunin. Taliya da mai da yaji minti 15 ce. Kwaɗon garin rogo da ƙuli da tumatir da albasa bai kai haka ba. Ki ce musu, "Ku ci wannan, ga wani nan zuwa," kuma ya zo ɗin.

Ranar komawa

'Yan makarantar kwana ki haɗa musu guzuri kowa da ƙullinsa: soyayyen naman da ya bushe sosai ko dambun nama, ƙuli-ƙuli, gari, yaji a ƙaramar roba, cincin ɗin da ya rage. Ki miƙa wa yaron a hannunsa, ba a jakar uwarsa ba. Na almajirin gida da na yarinyar aiki su zama daidai da na sauran.

Da gida ya yi shiru, kafin ki manta, ki ɗauko takardar nan ta farko ki rubuta a bayanta abin da aka auna, abin da ya ƙare da wuri, da abin da ya yi saura. Tawa tana cikin littafin da nake ajiyewa a durowar Hajiya. Da na buɗe ta bana na ga yara uku sun cika shekara 12, biyu maza ɗaya mace, na tsallakar da sunayensu zuwa ɗaya layin, na ƙara gwangwani shida a awon rana da malmala biyar a tuwon dare.